Ranar da Na Gyara wa Faransa Agogo

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta farkon damina ba, ko da na so, don har yau akwai tsofaffi a Damargu da ba za su bar ni in manta ba. Lokacin ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin gidan fosta (ba zan faɗi garin ba, waɗanda suka sani sun sani, waɗanda ba su sani ba kuma Allah ya ƙara rufa mini asiri). Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne. Na fito daga horo a Yamai da takardar shaida a aljihu, da sabon agogo a hannu, da girman kan da ƙofar fostar ma da ƙyar take ɗaukarsa.

Fostar tamu ɗaki biyu ce. Akwai gishe, wato 'yar tagar da muke sallamar mutane, akwai sikelin wasiƙu, sai tarho guda ɗaya tak a cikin wani akurkin katako da muke kira kabin, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa. Shugabanmu Mushe Isufu ne (Mushe kamar Malam ne da Faransanci), dattijo mai sanyin hali, Shef muke ce masa. A zamanin nan idan mutum zai kira daga ƙasar waje, sai kiran ya bi ta Yamai, ya bi ta Damagaram, sannan ya iso mana yana ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Saboda haka mai kira yakan aiko da wasiƙa tun da wuri, ya sa rana da lokaci, 'yan uwansa su zo su jira.

To a nan matsalar take. Kullum sai an tambaye mu ƙarfe nawa ne yanzu a Makka, ko a Abijan, ko a Libiya. Iyalan mahajjata, matan 'yan ci-rani, direbobin da ke hawa arewa zuwa Tamanraset, kowa da tasa ƙasar. Shef sai ya ɗan ƙirga da yatsu, ya ce, "Ku dai zo da wuri ku zauna." Ni kuwa wannan amsa kunya take ba ni. Ina ganin ba ta dace da ma'aikatar gwamnati ba. Sai na ƙudura zan yi wa garin nan abin da ko Damagaram ba su da shi: allon lokutan duniya.

Ina da wani littafin labarin ƙasa tun na lakwal, wato makarantar boko, mai taswirar duniya da aka yanka tsaye-tsaye kamar kabewa, kowane yanki da launinsa. Bangon littafin ya daɗe da cirewa, don haka ban san shekarar da aka buga shi ba, ban kuma damu in sani ba. Na sa kafinta ya yanko mini falle na katako mai faɗi, na samo fentin mai, baƙi da fari da ja. Mako uku ina wannan aiki bayan an tashi. Najeriya, daidai da mu. Makka, gaba da awa biyu. Gana da Kodibuwa, ƙasar Abijan, baya da awa ɗaya. Faransa, daidai da mu. Amurka, layi ɗaya na ba ta. Rasha ma layi ɗaya. Da na zo kan Indiya na ga littafin ya ce awa huɗu da rabi, sai na yanke hukunci kuskuren ɗab'i ne, na cika musu ita biyar (ban shawarci Indiyawa ba, amma a raina na ɗauka alheri na yi musu). A ƙasan allon na rubuta sunana da jan fenti, kuma in faɗi gaskiya ya fi sunan Makka girma.

Daura da fosta akwai rumfar Baba Iliya mai gyaran agogo da rediyo. Kirista ne, mutumin wajen Maradi, ya daɗe a garin har kowa ya manta baƙo ne. Ran Lahadi shi ke ja wa 'yan uwansa waƙa a ɗan ɗakin ibadarsu, sauran ranaku kuwa yana zaune da gilashi maƙale a ido ɗaya, rediyonsa na ta magana daga wannan tasha zuwa waccan. Ranar da na kafa allon, fenti ko gama bushewa bai yi ba, ya tsallako ya tsaya yana kallo, hannuwa a baya.

"Mushe, aiki ya yi kyau," in ji shi. (Mushe yake ce mini, ni kuma a lokacin ban gane tsokana ce ba.) "Amma da fentin mai ka yi?"

"Don ya daɗe, Baba."

"Abin da nake tsoro ke nan." Ya matsa kusa. "Wannan Amurkar, wacce daga ciki? Wani likita da na yi wa aiki can garinmu ya ce mini idan rana ta take tsaka a gidan uwarsa, a gidan surukansa hantsi ne, kuma duk ƙasa ɗaya. Da sunan gari ka sa, ba na ƙasa ba."

Na ce masa allo ba zai ɗauki kowane ƙauye na duniya ba.

"To. Su kuma Faransawa, 'yan shekarun nan ina jin a rediyo idan zafi ya shigo musu sukan..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na yi masa murmushin nan da mai takarda yake yi wa wanda yake ganin bai da ita, na ce, "Baba, lokaci rana ce ke yin sa, ba rediyo ba. Wannan ilimi ne, an auna shi an gama."

Ya ce, "Rana dai tana fitowa, Mushe. Amma gwamnati ce ke faɗin ƙarfe nawa ta fito." Ya koma rumfarsa.

Abin da ya ƙara lalata ni shi ne allon ya yi aiki. Duk tsawon sanyin shekarar nan, wanda ya kira daga Makka ya kira daidai, na Abijan daidai, har wani ɗan kasuwa da ya kira daga Faransa ma daidai. Malamin lakwal ya kawo ajinsa suka kwafe allon cikin kaye, wato littafin rubutu. Sakataren bariki, wato gidan hukuma, ya kwafa ya manna a ofishinsa. Mai shayin tasha ma ya sa aka rubuta masa a kwali. Na kai matsayin da idan na bi ta kasuwa aka tambaye ni lokaci, sai in ce, "Na wace ƙasa?"

Ana nan sai wata Laraba da la'asar, wata tsohuwa ta shigo tare da wani dattijo siriri. Daga wani ƙauye suke kusa da Olelewa, a bayan babbar mota suka zo. Sunanta Inna Hadiza, shi kuma ƙanenta ne, Malam Ari. Ta kwance bakin zane ta fito da wasiƙa da ta sha ninki. Ɗanta Abdu ne ya rubuto daga Faransa, inda aka tura shi karatun likitancin dabbobi shekara uku da suka wuce.

Malam Ari ne ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ke ƙasa. Wani da ya dawo daga Yamai ya kawo labari ƙauyen cewa wani ɗalibi ɗan Nijar ya rasu a can, bai san sunansa ba. Tun daga nan mata suka fara gaishe da Inna Hadiza da ƙaramar murya. Wasiƙun Abdu na zuwa, amma ita ta ce takarda kowa na iya rubutawa ya sa sunan wani. Ta daina cin abincin kirki. Shi ya sa aka rubuta wa Abdu, ya amso cewa zai kira ranar Alhamis ta ji muryarsa da kunnenta.

Na buɗe wasiƙar na karanta a tsaye, da ƙarfi, don a ji Faransancina. Ya ce zai kira ƙarfe sha ɗaya na safe, agogon can inda yake, a tambayi ma'aikatan fosta su lissafa. Bayan "sha ɗaya" ɗin ya ƙara wasu kalmomi masu ma'anar lokacin bazara. Na gan su da idona. Na ɗauka yaro ne yake ba uwarsa labarin zafi, na tsallake. Na juya na nuna allo da sanda. "Faransa, daidai da mu. Gobe sha ɗaya, Inna."

Washegari kafin mu buɗe tana bakin ƙofa. Ta ɗaura zanenta mai kyau, ta shimfiɗa 'yar tabarma a gaban kabin, ta zauna ta zuba wa tarhon ido. Malam Ari na gefe da carbinsa. Ranar kuwa ta kasuwa ce, fosta ta cika, Shef kuma ya tafi tasha tarbar buhun wasiƙu daga Damagaram, ya bar mini ofis. Wannan shi ne karo na farko da aka bar mini ofis ni kaɗai, kuma ina jin kujerar Shef ce ta hau mini kai.

Wajen goma saura kwata na leƙo ta gishe na ga mutane na ta raɓa tabarmar tsohuwa. Na fito na ce, "Inna, kun tare hanya. Da saura fiye da awa guda. Ku je ku zaga kasuwa, ku dawo sha ɗaya saura."

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗana, ni zaman ba ya damuna. Shekara uku ina zaune."

Duk mai hankali da ya ji wannan zai koma bayan gishe ya yi shiru. Ni kuwa sai na ga dama ta koyarwa. Na karɓi goruba a hannun wani da ke layi, na ɗaga ta sama na ce wannan ita ce duniya, tagar can kuma rana. Na juya gorubar, na nuna inda muke, na nuna inda Faransa take, a kanmu tsaye, layi ɗaya. Na yi bayani da Hausa, na maimaita da Faransanci ko da akwai wanda Hausar ba ta ishe shi ba (babu). Na rufe da cewa, "Allon nan ba ya ƙarya." Malam Ari ya ce dama yana son ya kai hauya maƙera kafin ruwa ya sauka. Inna Hadiza ta naɗe tabarmarta a hankali, ta sake duban tarhon, suka fita.

Ƙarfe goma daidai tarho ya ɗauki ƙara.

Na shiga kabin na ɗauka. Matar da ke haɗa layi a Damagaram ce. "Ga Faransa nan, maza a ba mai shi."

Na ce, "Madam, akwai kuskure. Nasu sai sha ɗaya."

"Ni ba ruwana, ga shi nan," ta ce, sai na ji ƙaf, sai wata murya daga nesa kamar daga cikin rijiya.

"Salamu alaikum! Abdu ne! Inna na nan?"

Ku tuna ƙofar kabin ba ta rufuwa, kuma layin Faransa sai an yi ihu ake ji. Duk wanda ke fostar nan, da na bakin taga, da Baba Iliya da ya tsallako da jin ƙarar tarho, kowa na jin abin da nake faɗa. Abin da ya kamata in ce guda ɗaya ne: riƙe, bari a kira ta. Ga abin da na ce:

"Malam Abdu, ka yi saurin kira. Sha ɗaya ka rubuta."

"Ai sha ɗayan ce!"

"Goma ce."

"Wurinku goma, nan sha ɗaya! Ina Inna?"

"A'a, Malam. Faransa da Nijar agogo ɗaya ne. Duba naka da kyau, wataƙila gudu yake."

Sai Abdu ya ce, a hankali, kamar mai magana da marar lafiya, "Bawan Allah, ina tsaye a gidan wayarsu. Ga agogon bango a gabana. Ga na hannuna. Ga na matar da ke gishe. Ƙararrawar garin ma yanzu ta gama bugawa. Duk sha ɗaya."

Na waiga na dubi allona. Ga shi nan, fari a kan baƙi, da rubutuna mai kyau. Na cika ƙirji da iska, na ɗaga murya yadda za a ji ni har Faransa ko babu waya, na ce:

"To duk sun yi kuskure!"

Sai wani Buzu mai rawani da ya zo aika wasiƙa Agadas ya tambayi na kusa da shi me na ce, aka fassara masa, ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Daga nan fosta ta fashe. A cikin tarho kuwa Abdu na ihu, "Kai wane ne? Wa ya ba ka wayar? Ka kira mini uwata!"

Baba Iliya ya dafa ni. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. "Mushe, sun tura agogonsu gaba da awa guda tun shigowar zafi. Haka suke yi yanzu kowace shekara. Ba ni wayar, ka ruga ka nemo matar."

Na ruga. Da rigata mai guga, da takalmi sau-ciki, cikin rairayin kasuwa. Sai da na kai tsakiyar 'yan hatsi na tuna sunan tsohuwar ya ɓace mini sarai. Na buɗe baki na ce, "Uwar Abdu! Uwar Abdu!" Mata huɗu suka waiwayo, ɗaya har ta saki mudu tana tambaya me ya same shi (a Damargu idan ka kira uwar Abdu ka kira rabin kasuwa). Na gyara: "Uwar Abdu na Faransa!" Na tsallake tulin albasa, na ba wani jaki haƙuri, takalmina ɗaya ya tsaya a rairayi ban koma ɗauka ba. A maƙera na same su. Ban iya bayani ba, "Ya kira" kawai na ce.

Ban san tsohuwa na iya gudu haka ba. Ta riga ni isa. Mutane suka dare mata, ta shiga kabin, Baba Iliya ya miƙa mata kan tarhon. Ta kafa shi a kunne da hannu biyu.

"Abdu? Abdu, ni ce."

Layi ya riga ya yanke. Ta daɗe a tsaye tana saurare. Babu wanda ya ƙara yin dariya. Ni kuma ina bakin ƙofa da takalmi ɗaya, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage.

Da ta fito sai ta nufo ni. "Ɗana, kai ka yi magana da shi?"

"Ni ne, Inna."

"Me ya ce?"

Na duba ko'ina ban ga wurin ɓuya ba. "Ya ce... ƙarfe sha ɗaya ne."

"Sai me?"

"Na ce goma ce."

"Shi ke nan abin da kuka yi?"

"Shi ke nan, Inna."

Ta kafa mini ido. "Da ka ce goma, ya yarda?"

"Bai yarda ba. Ya kawo shaidu har huɗu."

Sai na ga bakinta ya ɗan motsa. Ta juya wajen ƙanenta. "Ari, ka ji? Shaidu huɗu. Tun yana ƙarami haka yake, ba a kayar da shi a magana." Ta goge ido da bakin mayafi. "Halin dai nasa ne. Amma ni muryar na zo ji."

Baba Iliya ne ya cece ni. Ashe ɗan abin da ya rage na kiran bai ɓata shi ba: ya gaya wa Abdu uwarsa na nan lafiya, suka kuma sa wata rana, Asabar. "Na faɗa masa sau uku," in ji shi. "Sha ɗaya agogonsu, goma agogonmu, tara agogon GMT. Ko ɗaya ya ɓace, biyu na nan."

Shef ya dawo da buhun wasiƙu ya tarar labari ya riga shi, don tun a tasha aka tare shi da shi. Ya ajiye buhun, ya tsaya gaban allon ya daɗe. Sannan ya ce, "An ce ka sallami agogon Faransa duka daga aiki?" Na sunkuyar da kai. "Sauke shi," ya ce. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan.

Matar Baba Iliya, Mama Saratu, ita ta sauki Inna Hadiza, Malam Ari kuma ya kwana a zauren wani ɗan garinsu. Ranar Juma'a sai ga hadari daga gabas, aka yi ruwan shuka na farko, mai kyau. Duk wanda ya san Damargu ya san abin da ake nufi da manomi ya kwana a gari ranar ruwan shuka. Na gamu da Malam Ari a hanyar masallaci. Ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Mushe, a allonka yau ƙarfe nawa ne a gonata?"

Ranar Asabar ni da kaina na shimfiɗa mata tabarma tun ƙarfe bakwai da rabi, na tsaya a kanta kamar gardi, duk wanda ya matso in ce ya zaga. Goma daidai tarho ya yi ƙara. Ban taɓa shi ba, Shef ne ya ɗauka ya miƙa mata. Ta ce, "Abdu?" Sai ta zauna daɓas a ƙasan kabin, igiyar tarhon ta miƙe. Ta yi ta cewa "Na'am, na'am, alhamdu lillahi," hawaye na zuba, tana dariya. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana salla, ta gaya masa an yi ruwa. Can na ji ta ce, "Yana nan tsaye. A'a, kar ka zage shi, yaron kirki ne. Karatu ne ya yi masa yawa." Aka sake fashewa da dariya, har da Shef. Wannan karon ni ma na yi, don ba ni da wata dabara.

Washegari Lahadi ba aiki, na bi su ƙauye na yi musu shuka wuni guda. Malam Ari na sara da sungumi, ni ina binsa ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. Kafin azahar bayana ya ƙi miƙewa. Matan ƙauyen suka riƙa zuwa gaishe da Inna Hadiza, da babbar murya yanzu, kowace kuma sai ta leƙo ta ga wanda ya yi gardama da Faransa.

Allon kuwa, na so in kai wa Mama Saratu ta hura wuta da shi. Baba Iliya ya hana. Ya ce tunanin ba shi da laifi, mai tunanin ne ya yi sauri. Muka juya bayansa muka shafe da baƙi, muka koma rubutu da alli. Muka cire sunayen ƙasashe muka sa na garuruwa: Makka, Abijan, Kano, Paris, Tamanraset. Ya sa na daina auna kowa daga agogonmu, muka koma aunawa daga GMT da rediyo ke faɗa, don a cewarsa mu ma gwamnati gare mu, wa ya san abin da za ta tashi da shi gobe. A gaban Paris muka yi gida biyu, na sanyi da na zafi, da ranar da suke sauyawa idan mun ji an sanar. Indiyawa na mayar musu da rabin awarsu. Inda ba mu da tabbas kuwa, Baba Iliya ya tilasta mini in rubuta "ba mu sani ba, a zo da wuri." Wannan layin ya fi kowanne yi mini wuyar rubutawa, don amsar Shef ce ta tun farko, na dai sa mata alli.

Ya kuma sa na sayi kaye. Duk abin da za mu goge a allo sai mun fara rubuta shi a ciki: yadda yake da, yadda ya koma, ranar da aka sauya, da bakin wanda muka ji. Na ɗauka wahalar banza ce, sai ga wani direba ya sauko daga arewa ya ce mutanen Aljeriya sun taɓa agogonsu. Muka rubuta. Ba a daɗe sosai ba wani ya zo ya ce sun sake. Da ba don kayen nan ba, da mun zauna muna musu a kan wanne ne sabo wanne ne tsoho.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kwafe-kwafen da aka yi. Na bi lakwal, na bi bariki, na bi mai shayi, ina roƙo a yage. Mai shayi ya ƙi, ya ce nasa na jawo masa masu saye, don duk baƙon da ya zauna sai an nuna masa layin Faransa an ba shi labarina. Na 'yan lakwal kuwa ya riga ya bazu cikin ƙauyuka. Ina kyautata zaton har yanzu akwai wani magidanci tsakanin Gangara da Tarka da ya yi imani Indiya na gabanmu da awa biyar, kuma alhakinsa na wuyana.

Bayan shekara biyu ko uku, wata safiya ina bayan gishe, wani mutum dogo mai tabarau ya shigo da jaka a hannu. An ce sabon likitan dabbobi ne da aka turo wajen Belbeji. Ya yi sallama, ya tsaya ya karanta allon tun daga sama har ƙasa. Sannan ya matso, ya cire agogon hannunsa, ya ajiye a gabana.

"Malam, don Allah duba mini wannan," ya ce. "A Faransa na saye shi. An ce mini duk na can ba su da kyau."

Muryar na fara ganewa. Na rasa inda zan sa fuskata, shi kuwa ya miƙo hannu ta gishe yana dariya har tabaransa na zamewa. Mun yi abota daga baya, amma bai taɓa zuwa wurina a kan lokaci ba, kuma duk ranar da na yi ƙorafi sai ya ce shi da agogon can yake aiki.

Ga abin da na koya, ga duk mai niyyar tsara wa duniya lokutanta: ka rubuta da abin da ke gogewa, ka ajiye tsohon kafin ka goge, ka bar wa "ban sani ba" wuri. Idan kuma mutum yana tsaye a cikin gari ya gaya maka ƙarfe nawa ne a garin, to ka yarda da shi. In ma gardamar ta zame maka dole, ka fara miƙa wa uwarsa wayar.